Manyan Tayoyi da Shan Mai

Fataken da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku sukan ɗaga Land Cruiser, su sa mata manyan tayoyi, su ƙera ƙarafen ɗaukar kaya a bisanta. Lalle wannan na fid da ita daga rairayi, amma mai ke biyan kuɗin. Babbar taya nauyi gare ta, kayan bisa kuwa iska suke tarewa; in gudu ya ninka, turjiyar iska sai ta ninka sau 4.

Abin da ya fi ɓuya shi ne agogon tafiya, domin juyin taya yake ƙidayawa. In taya ta fi ta asali da kashi 10 cikin 100, a yi kilomita 110 ya nuna 100. Direba na iya wuce rijiya yana zaton bai iso ba.