Yadda Ake Juya Maganaɗisu da Sauti

A darasin kimiyya an koya mana cewa maganaɗisu yana da kai biyu, arewa da kudu, kuma yana jan ƙusa da allura. Yau zan yi bayanin yadda masana suke amfani da sauti su juya alƙiblarsa, da dalilin da ya sa suka damu da hakan.

Mu fara da taransifoman unguwa. Idan aka kawo wuta za ka ji yana gurnani. A 1842 wani masani ɗan Ingila, James Joule, ya gano cewa ƙarfe yana ɗan ƙara tsawo idan ya zama maganaɗisu. Wani ƙarfen mai suna nikel shi kuma tsukewa yake yi. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙarfen cikin taransifoma yana miƙewa yana komawa sau 100 a daƙiƙa. Yawancin gurnanin daga nan yake. A 1865 kuma Emilio Villari ɗan Italiya ya nuna cewa abin yana aiki ta baya: idan ka matsa ƙarfen ko ka ja shi, maganaɗisunsa zai canza. To, sauti ai matsi ne da saki da ke tafiya.

Sautin da ake nufi a nan ba a iska yake tafiya ba. A saman abu mai tauri yake gudu, kamar yadda ruwan tafki ke yin igiya idan an jefa dutse. Lord Rayleigh ne ya yi bayanin irin wannan igiya a 1885. Don a haifar da ita ana amfani da wasu duwatsu masu ƙyalli da suke motsawa idan lantarki ya taɓa su, halin da 'yan uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a Faransa a 1880. A 1965 White da Voltmer a Amurka suka zana siraran layukan ƙarfe a kan irin wannan dutse, kamar matajai biyu da aka cusa haƙoran ɗaya cikin na ɗaya. Da an ba su lantarki sai fuskar dutsen ta girgiza, igiya ta tashi. A kan dutsen da ake kira litiyom niyobet tana gudun mita 3,500 zuwa 4,000 a daƙiƙa, alhali sauti a iska mita 340 yake yi. Kunnenmu ba ya jin ta, domin iyakar jinmu girgiza 20,000 ne a daƙiƙa, ita kuwa tana yin miliyoyi ɗaruruwa, har ta kai biliyan.

Yanzu sai a shafa nikel a kan hanyar igiyar, shafi siriri da ya fi gashin kai sirantaka sau dubu. Ku ɗauka cewa cikin nikel ɗin cike yake da ƙananan alluran kamfas. Idan igiyar ta ratsa, tana jan shafin tana matsa shi, sai alluran su fara rangaji. Idan saurin igiyar ya dace da saurin rangajinsu, motsin sai ya ƙaru sosai, kamar mai tura lilo a daidai lokacin da ya dawo. Masana a Jamus sun nuna haka da nikel a 2011.

Amfanin yana wajen ajiyar bayanai. Kwamfuta 0 da 1 kawai ta sani. A faifan ajiya na maganaɗisu, alƙiblar ƙananan maganaɗisai ce ke riƙe waɗannan lambobi. Rubuta bayani yana nufin juya su, kuma yawanci da kwararar lantarki ake yi. Lantarki idan ya bi waya yana haifar da zafi, zafin nan kuwa asarar wuta ce. Manyan ɗakunan kwamfutoci da ke riƙe intanet suna shan wuta mai yawa, har da ta sanyaya su. Masana suna fatan igiyar sauti za ta taimaka a juya maganaɗisan da ƙaramar wuta.

Har yanzu aikin yana ɗakin gwaje-gwaje. Sa allura rangaji ya fi sauƙi a kan kifar da ita gaba ɗaya ta zauna. Sannan igiyar tana bi ta kan maganaɗisai da yawa a lokaci guda, alhali ɗaya tak ake so a juya. Amma ita igiyar ta riga ta shigo gidajenmu: a cikin wayoyin salula akwai ƙananan matatai masu aiki da ita, suna tace saƙon da ake so daga sauran.

Ga gwaji a lokacin tara: ɗora kunnenka a kan benci, abokinka ya ƙwanƙwasa ɗaya gefen a hankali. Za ka ji ƙarar ta fi yadda take a iska. Wanda ya gano dalili ya rubuto wa kulob ɗinmu, za mu liƙa amsar da ta fi kyau a fitowa ta gaba.

Daga wata 'yar Kulob ɗin Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare