Kafaɗar Mai Iyo

A ƙasar Amurka ɗaliban jami'a suna gasar iyo, watau ninƙaya. Suna yi a cikin tafki wanda aka gina da siminti, tsawonsa yadi 25. Kowace shekara a watan Maris ake yin babbar gasa tsakanin jami'o'in ƙasar. Ciwon da ya fi damun waɗannan ɗalibai shi ne ciwon kafaɗa. A shekarar 1974 wasu likitoci biyu na ƙasar Kanada suka raɗa masa suna, suka ce da shi “kafaɗar mai iyo”. Bari mu ga abin da ke kawo shi.

Mu fara da ƙirar kafaɗa. Kan ƙashin cinya yana zaune cikin rami mai zurfi, kamar taɓarya a cikin turmi. Amma kan ƙashin damtse yana zaune ne kamar tulu a kan gammo. Mazauninsa ba shi da zurfi. Shi ya sa muke iya juya hannu ko'ina, gaba da baya, sama da ƙasa. Waɗansu ƙananan tsoka guda huɗu, waɗanda suka taso daga allon kafaɗa, su ne suke riƙe da shi kada ya goce.

To, mu yi lissafi. A ce ɗalibi ya yi iyo yadi 6,000 a yini. Ya ƙetare tafkin sau 240 ke nan. A ce kowace ƙetarawa yana ɗaga hannun dama sau 8. A yini ɗaya ya ɗaga shi sau 1,920. A kwana shida kuwa sau 11,520.

Da wannan aiki manyan tsokar ƙirji da na gefen baya sukan yi ƙarfi ƙwarai, su riƙa jan kafaɗa gaba. Ƙananan nan huɗu kuwa sai su gaji. In sun gaji, tulu ya fara rawa a kan gammo. Kan ƙashin ya matsa sama, ya matse jijiya a ƙarƙashin ƙashin da ya rufe kafaɗa. Jijiyar ta kumbura. Sai mutum ya ji zafi in ya ɗaga hannu bisa kai, ko in ya kwanta a kan wannan gefe da dare.

Ga abin da masu horar da su suke koya musu. Su motsa jiki ya yi ɗumi kafin su fara. Su ƙara nisa kaɗan kaɗan, ba gaba ɗaya ba. Hannu ya shiga ruwa daidai da kafaɗa, kada ya ƙetare tsakiyar jiki. Jiki duka ya riƙa juyawa tare da hannu. Suna kuma jan igiyar roba a hankali, domin ƙananan tsokar nan su yi ƙarfi. In ciwo ya fara, sai a rage aiki, a sa ƙanƙara, a je wurin likita. Yawancinsu suna warkewa ba tare da an yi musu aiki da wuƙa ba. Wanda ya ɓoye ciwonsa don kada a cire shi daga gasa, shi ne yakan daɗe bai warke ba.

Kafaɗarmu da tasu ƙira ɗaya ce. Mai daka, da magini mai jefa tubali, da mai tuƙa jirgi da gora, duk suna ɗaga hannu sau da yawa a yini. In mun ji zafi, mu sassauta, mu canza hannu, mu huta. In ya ƙi tafiya, mu je asibiti tun bai yi nisa ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Tsoka nawa ne suke riƙe da kan ƙashin damtse?
2. Me ke faruwa in sun gaji?
3. Me za mu yi in kafaɗa ta fara ciwo?