Jitar Agadas da ta biyo ta Sakkwato

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Uwar da ta samu jaririnta ya yi barci ta ɗan rage rediyo, domin kiɗanmu na yau mai ƙara ne.

Turawa suna ce masa rock. Yana da wani reshe mai zafi, hardcore, inda ganga ke gudu kamar dokin sukuwa, mawaƙi na ihu har jijiyar wuyansa ta miƙe. Daga baya wasu suka gauraya wannan zafin da sautin kwamfuta da murya mai taushi, irin su Linkin Park na Amurka a faifansu Hybrid Theory na shekarar 2000. Da yawanmu in mun ji sai mu ce hayaniyar Turawa ce kawai. To, ku biyo ni Nijar.

Akwai wani Buzu, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Gidansu ba a son kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta: ɗan katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. Bahago ne, har yau da hagu yake kaɗawa.

Abin da ya sa na kawo muku shi, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Lokacin waƙoƙin finafinan Hausa na tashe, da fiyano da gangar inji da na'urar nan mai lanƙwasa murya ta koma kamar sarewa. Mdou ya ɗauki wannan salon namu ya ɗora wa waƙar Buzaye. Ba kamfani, ba talla. Waƙoƙin suka bi sahara daga waya zuwa waya ta Bluetooth, yadda a nan kasuwa kake miƙa wa mai tura waƙa memori ya cika maka. A haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa Tahoultine, ya sa ta a tarin waƙoƙin wayoyin sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011.

(A ɗaga kiɗa kaɗan)

Daga baya ya kafa ƙungiya, su huɗu: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganga, sai Mikey Coltun daga Amurka. A wuraren bikin aure na Agadas suka goge, inda lasifika ke kan yashi, ƙura na tashi, matasa sun yi da'ira. Faifansu na 2024, Funeral for Justice, fushi ne tsantsa a kan abin da Faransa ta yi wa Nijar. Juyin mulkin Yulin 2023 ma a Amurka ya same su suna zagayen wasa, hanyar gida ta toshe musu na wani lokaci.

Ni abin da ke ci mini rai, matasanmu na Lafia da ke shiga situdiyo sun sakar wa kwamfuta komai. Ga kalangu, ga garaya wadda kowa ya san yadda take ɗaukar zafi har jiki ya amsa, ga gangunan Eggon da Alago a ƙofar gida. Ina ƙishirwar ranar da wani yaro daga hanyar Doma ko hanyar Shendam zai kawo mana faifai, garaya da jita da inji suna kokawa a ciki, mu sa shi a wannan fili.

Kafin nan, ga waƙarsu Afrique Victime ta 2021. Ta haura minti bakwai. Ku kasa kunne daga tsakiya, inda mai ganga ya fara ƙara gudu, jitar kuma ta bi shi.

(Waƙa)