Ciwo a Hanji, Tsakuwa a Ƙoda

Abin mamaki ne a ce hanjin mutum ke ciwo, amma tsakuwa ta fito masa a ƙoda. To, likitoci sun daɗe da lura da haka ga masu cutar Crohn, wadda aka bayyana a Amurka a 1932, da waɗanda aka yanke wa wani sashe na ƙaramin hanji.

Tushen al'amarin shi ne wani sinadari mai suna asid ɗin okzalik, wanda ake samu a alayyafo da gyaɗa da shayi. A cikin lafiyayyen hanji, kalsiyam na abinci yakan haɗe da shi, su zama abin da jiki ba ya iya tsotsewa, su fita a bayan gida. Kimanin kashi 10 cikin 100 kaɗai ke shiga jini.

Amma idan hanji ya kasa tsotse maiƙo, sai maiƙon ya riƙe kalsiyam ɗin. Asid ɗin kuwa ya wuce babban hanji shi kaɗai, ya ratsa cikin jini da yawa. Daga nan ƙoda ta tace shi, ya gamu da kalsiyam a fitsari, su daskare su zama tsakuwa. Idan abin ya daɗe, ƙodar tana iya lalacewa.

Saboda haka, kuskure ne irin wannan majiyyaci ya guji kalsiyam don tsoron tsakuwa. Likitoci kan ba shi kalsiyam tare da abinci, su umarce shi da rage maiƙo da alayyafo, da kuma yawaita shan ruwa.