Yadda Ake Amfani da "Have" da "Had" da "Will Have" a Turanci

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in yi ɗan bayani a kan wani sashe na nahawun Turanci wanda yake kayar da da yawa daga cikinmu a jarrabawa, watau abin da littattafai suke kira "perfect tenses". Ni a nan zan kira su kammalallun lokuta, domin dukkansu suna magana ne a kan aikin da ya kammala. Kowa ya san ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Turanci, ko na WAEC ko na NECO. Iyayenmu kuwa a nan Gagarawa, wani riɗinsa yake sayarwa, wani zoɓo, wani ma akuya, don ya saya mana littafi da kayan makaranta. Ashe bai kamata mu bar 'yar kalma kamar "have" ta jawo musu asara ba.

Abin da na lura da shi shi ne, wahalar ba daga rashin ƙwaƙwalwa take ba, daga bambancin harsunan biyu take. Bahaushe idan aiki ya kammala sai ya ce "na gama", kuma wannan "na gama" ba ta sake kama, ko jiya ake nufi, ko yau, ko gobe. Sauran kalmomin jimla su ne ke nuna lokacin. Bature kuwa a jikin aikatau yake nuna shi. Ku dubi waɗannan jimloli huɗu:

1. Na gama jiya. "I finished yesterday."
2. Na gama, ga shi. "I have finished."
3. Ko da Malam ya shigo, na gama. "I had finished when the teacher came in."
4. Kafin Malam ya dawo gobe, na gama. "I will have finished before the teacher returns tomorrow."

Kun ga abu ɗaya a Hausa ya zama huɗu a Turanci. Na farko shi ne shuɗaɗɗen lokaci zalla, sauran ukun su ne kammalallun lokuta. Saboda haka duk wanda yake juya "na gama" zuwa Turanci kai tsaye, ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa wacce ce daga cikin huɗun ba, to, caca yake yi da makinsa.

Ginin kansa ba shi da wuya. Ana ɗaukar "have" ko "has" ko "had" ko "will have", a bi ta da siga ta uku ta aikatau. Yawancin aikatau sigarsu ta uku da "-ed" take ƙarewa, kamar "finished" da "planted". Amma akwai masu taurin kai waɗanda sai an haddace su, alal misali "go, went, gone", da "eat, ate, eaten", da "write, wrote, written". Ba a cewa "I have went", sai dai "I have gone". Ita "has" kuwa ta mutum ɗaya ce da ake magana a kansa, watau "he", "she" da "it".

Yanzu bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne mai "have" ko "has". Ana amfani da shi idan aikin da aka yi yana da igiya da ta ɗaure shi da yanzu. Ga misali daga tarihinmu. An cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991. Idan zan faɗi wannan sai in ce "Jigawa became a state in 1991", domin na ambaci shekarar, an yi an gama, an rufe ƙofa. Haka kuma "Gagarawa was in Kano State until 1991." Amma idan ina so in nuna cewa tun daga ranar har yau jiha ce, sai in ce "Jigawa has been a state since 1991." A nan ƙofa a buɗe take. Daga wannan ne doka babba ta fito: "have" ba ta zama inuwa ɗaya da lokacin da ya rufe, kamar "yesterday" da "last week" da "two days ago". Wanda ya rubuta "I have seen him yesterday" ya yi kuskure, daidai shi ne "I saw him yesterday."

Akwai kalmomin Hausa guda huɗu da suke yi mana ishara cewa ga wurin "have" ya zo, muddin a kan yanzu ake magana. Su ne taɓa, tukuna, riga da tun. "Ka taɓa zuwa Dutse?" shi ne "Have you ever been to Dutse?" "Ruwa bai sauka ba tukuna" shi ne "The rains have not come yet." "Mun riga mun yi shuka" shi ne "We have already planted." Ita tun tana da tarko nata na daban. Bahaushe yakan ce "Ina nan tun safe", sai ɗalibi ya juya ya ce "I am here since morning." Bature ba ya faɗin haka, cewa yake yi "I have been here since morning." Idan kuma aiki ne ake cikin yi, kamar "Muna noma tun asuba", sai a ce "We have been weeding since dawn." A kula kuma, "since" tana nuna mafarin lokaci ne, kamar "since Monday", ita kuwa "for" tsawonsa take nunawa, kamar "for three days".

Har wa yau akwai bambanci tsakanin "gone" da "been" wanda yakan juya saƙo gaba ɗaya. A ce ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, baƙo ya zo neman mahaifinka. Idan ka ce "He has gone to Maigatari", ka gaya masa ya tafi bai dawo ba. Idan kuwa ka ce "He has been to Maigatari", ka gaya masa ya je har ya dawo. Da kalma ɗaya sai ka sallami baƙon da ya kamata a shimfiɗa wa tabarma.

Na biyu shi ne mai "had". Waɗansu suna zaton ana sa ta ne ga duk abin da ya daɗe da faruwa. Ba haka ba ne. Aikinta shi ne, idan abu biyu sun faru a da, ta nuna wanda ya riga. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kano ta ratsa ta Gagarawa ta isa Nguru a 1930, Nijeriya kuwa ta sami mulkin kai a 1960. Idan na faɗi na farkon shi kaɗai, "The railway reached Nguru in 1930" ya wadatar, kome daɗewarsa. Amma idan na haɗa su sai in ce "When Nigeria became independent, the railway had already reached Nguru." Dubi kuma waɗannan: "When we arrived, the lorry left" da "When we arrived, the lorry had left." A ta farko muna isa motar ta tashi, mun gan ta da idonmu. A ta biyu kuwa ko ƙurarta ba mu tarar ba. Wannan yana da amfani ƙwarai wajen rubuta labari a takardar insha'i.

Na uku shi ne mai "will have". A nan mutum yana tsayawa ne a wani lokaci da bai zo ba, ya waiwayo ya ga aiki ya kammala. Kalmar "by" ita ce abokiyar tafiyarsa. "Kafin Disamba mun sheƙe gero" shi ne "By December we will have threshed the millet." Haka nan "By August 2031 Jigawa will have been a state for forty years."

To, shawarata ga 'yan'uwana ita ce, kafin ka ɗora biro a kan takarda ka yi wa kanka tambaya ɗaya: a ina nake tsaye? In a yau kake tsaye kuma lokacin bai rufe ba, ɗauki "have". In a jiya kake tsaye kana duban shekaranjiya, ɗauki "had". In a gobe kake tsaye, ɗauki "will have". In kuwa ka ambaci ranar da aka yi abin, ta wuce an rufe, to, bar su duka ka kama shuɗaɗɗen lokaci zalla. Kullum ka haddace aikatau biyar masu taurin kai, cikin wata guda kana da 150.

Ku kuma iyayenmu, ko ba ku jin Turanci kuna iya taimakonmu. Bayan sallar isha'i ku ba yaro jimla ɗaya mai "tun" ko "tukuna" ko "kafin", ku sa shi ya juya ta, ya kuma yi muku bayani da Hausa dalilin da ya sa ya zaɓi wannan ya bar waccan. Wanda ya iya bayani da harshen uwarsa, shi ne ya gane. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin.