Gonakin bakin Maraɗi na komawa kangaye

Duk wanda ya biyo hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi ya ga abin da muke nufi. Inda a da ake noman hatsi da gujiya, yanzu bulo ne da kangaye, wasunsu ba mai kwana ciki sai awaki. Mu faɗi gaskiya, 'yan kasuwa na cikin manyan masu saye, tunda fili ba ya ruɓewa kamar albasa. Manomin da ya sayar kuwa, baɗi da tiya zai auni hatsi a kasuwa.

Mun ga yadda ta kaya a Yamai. Tun 1965 aka fara dasa dogon yaro kewaye da birnin, amma masu yanka filaye sun cinye babban ɓangarensa.

Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, wato COFO, don a san ina ne gona, ina ne burtali. Alhaji, kafin ka ƙirga kuɗi, ka tuntuɓe su. Fadamar Gulbi kuma a bar wa masu lambu. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin daga can zuwa kan tudu.