An Gyara Lagireto Amma Mota Ba Ta Daina Zafi Ba: Ina Matsalar Take?

Daga garin Guri a ƙasar Haɗeja, jihar Jigawa, wani mai sauraronmu ya aiko mana da takarda. Ya ce yana da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda da ita yake kai busasshen kifi da tattasai kasuwa. Kwanakin baya ta fara yoyon ruwa, ya kai ta gareji aka liƙe lagireto, aka sa sabon famfon ruwa da sababbin tiyo. To amma tun da ta fito, ba ya cin rabin hanyar Haɗeja sai allurar zafi ta hau ja, abin da ba ta yi a da ko tana yoyon. Yanzu bakanike ya ce sai an buɗe kan inji, shi kuma kuɗin da ke hannunsa na takin noman rani ne. Shi ne yake tambaya, ya yarda a buɗe ko kuwa?

To Malam, mun gode da wannan takarda, kuma amsarmu a taƙaice ita ce: dakata tukuna. Mai yiwuwa a ƙarshe sai an buɗe ɗin, amma akwai abubuwa da dama da za ka duba kafin nan, kuma yawancinsu ba sa cin ko kwabo. Abin da ya fi jan hankalinmu cikin takardarka shi ne cewa zafin ya faro ne bayan gyara. In haka ne, wurin da hannu ya taɓa nan ake fara dubawa.

Bari mu ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, don ka riƙa fahimtar abin da bakanike ke gaya maka. Mai yana ƙonewa cikin inji, zafi mai tsanani yana fita. Ruwa yana zagayawa ta wasu hanyoyi cikin jikin injin yana kwasar wannan zafi, famfo yana tura shi ta tiyon sama zuwa lagireto. Can sai ya rarrabu cikin 'yan siraran bututu, iska ta bi ta tsakaninsu ta shanye zafin, sa'an nan ruwan ya komo inji ta tiyon ƙasa. Watau abu biyu ne ke aikin, ruwa da iska. Duk motar da ke zafi, ko dai ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko iskar ba ta ratsawa, ko kuwa injin yana haifar da zafin da ya fi ƙarfinsu duka biyun.

Saboda haka ka lura da lokacin da take zafin, domin shi zai nuna maka hanya. In tana zafi ne a tsaye ko cikin cunkoson kasuwa, amma da ka hau kwalta ka sake ta sai allura ta sauko, to matsalar iska ce, a duba fanka. In kuwa a tsaye lafiya lau take, sai ka ɗauki kaya kana gudu sa'an nan ta hau, to ruwa ne ba ya wucewa sosai, zargi ya koma kan lagireto da tiyo da famfo. In kuma cikin 'yan mintoci da tayar da ita ta tafasa, ko tana tafiya ko ba ta yi, to ruwan ne ya tsaya cik, ko hayaƙi na shiga cikinsa. Yadda ka kwatanta taka, ta fi kama da ta biyun, amma a bi su daki-daki.

Na farko, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne iskar da ke maƙalewa cikin inji. Duk lokacin da aka juye ruwan mota aka sake cikawa, iska kan ɓuya a wasu lunguna, musamman cikin kan inji. Kai ka ga ruwa ya cika har baki ka rufe, alhali ciki akwai wurin da ruwa bai kai ba. Maganinsa mai sauƙi ne. Da safe, inji na sanyi, ka ajiye motar gabanta ya ɗan fi bayanta tudu, ka cire murfin lagireto, ka cika, ka tayar da ita ka bar ta tana aiki a hankali. Ka riƙa matsa tiyon sama da hannu kamar mai tatsa. Za ka ga kumfa na fitowa, ruwa na sauka, kana ƙarawa. In na'urar ɗumama cikin motar tana nan da ranta, a buɗe ta, don ita ma tana riƙe iska. Sa'ad da tiyon sama ya yi zafi, ka ga ruwa na gudu a bakin lagireto, kumfa kuma ta ƙare, sai ka rufe. Motoci da yawa a nan ciwonsu ke ƙarewa.

Na biyu shi ne murfin lagireton kansa. Mutane suna raina shi, har za ka ga wani ya ɗaure bakin da leda da roba. Alhali ruwa a tukunya yana tafasa ne wajen digiri 100, amma in aka matse shi sai ya jure fiye da haka, murfi mai kyau yana iya riƙe shi har kusan digiri 120 bai tafasa ba. A ƙasar da zafin watan Afirilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan rata ba ƙarama ba ce. Duba robar da ke ƙarƙashin murfin, in ta tsage ko ta bushe a sake shi, kuma a sayi mai lamba daidai da ta tsohon. Duba bakin lagireton ma, domin wutar mai liƙi kan lanƙwasa shi, murfi ya kasa zama.

Sai kuma wata 'yar na'ura da kanikawa ke kira tamostat, tana zaune ne inda tiyon sama ya fito daga inji. Ƙofa ce mai buɗe kanta. Inji na sanyi tana rufe, in ruwa ya kai wajen digiri 80 sai ta buɗe ya tafi lagireto. In aka mayar da ita a juye, ko ta cije, ruwa ba zai fita ba, sai ka ji inji kamar wuta amma lagireto da sanyinsa. Gefen da ke da sifirin shi ke duban inji. Gwada ta ba wuya, a jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan murhu, kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ta buɗe baki sosai. Mun sani a garejin ƙasar nan al'ada ce a cire ta a yar, a ce ai ta ƙasar sanyi ce. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba. Cire ta ba ya warkar da lagireton da ya toshe, ɓoye ciwon kawai yake yi na ɗan lokaci, ga shi kuma da safiyar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci jikinsa.

Yanzu mu zo kan lagireton da aka liƙe, wanda a ganinmu shi ya fi cancanta da zargi. Ka koma wurin mai liƙin ka tambaye shi cikin lalama, yaya ya tsayar da yoyon? Domin sau da yawa in bututu ya fashe, ba gyara shi ake yi ba, matse shi ake yi a toshe bakinsa da dalma sama da ƙasa. Ɗaya ko biyu ba laifi. Amma tsohon lagireton da aka sha kai wa liƙi shekara da shekaru, wannan ya kashe uku, wancan ya kashe huɗu, sai a wayi gari babu sauran isassun bututu masu aiki. Ba ya yoyo, gaskiya ne, amma kuma ba ya sanyaya ruwa. Kamar magudanar fadama ce da aka datse rassanta, ruwan yana nan amma ba ya isa gona.

Ga kuma laka. Direba a wannan yanki in mota ta nemi ruwa, mafi kusa shi ne kogi ko kududdufi, sai a ɗebo a zuba. Ruwan kogin Haɗeja da damina kowa ya san kalarsa. Wannan laka tana kwanciya cikin inji shekara da shekaru, ruwan rijiya mai gishiri-gishiri kuma yana barin farin ɓawo irin na cikin buta. To da aka sa sabon famfo mai ƙarfi, sai ya tayar da dattin da ke kwance ya kai shi bakin bututu ya cushe. Shi ya sa wani lokaci sabon famfo kan zama kamar shi ya kawo ciwo. Masu zuba ƙwai ko garin barkono don tsayar da yoyo su ma su sani, abin da ya toshe huda shi zai toshe bututu. Yadda za ka gane: bayan mota ta yi zafi, ka kashe inji, ka cire makulli, ka shafa fuskar lagireto a hankali daga gefe zuwa gefe. Ya kamata zafin ya bazu ko'ina, sama ta ɗan fi ƙasa. In ka ji wani yanki da sanyi, nan ruwa ba ya bi. Wannan wanki da tiyo ba ya fid da shi, sai an cire tankin sama an zura tsinken ƙarfe cikin bututun ɗaya bayan ɗaya, ko a sake cikin lagireton ɗungum.

Ta waje ma a duba. Wanda ke bin hanyoyin fadama ya san yadda audugar kacalla da ƙaiƙayin shinkafa ke tashi, ga ƙwari ga ƙura. Ka haska tocila ta bayan lagireto, in haske ba ya fitowa ta gaba, iska ma ba ta wucewa. A wanke daga baya zuwa gaba. Fenti mai kauri da wasu ke shafawa don aiki ya yi kyan gani shi ma yana riƙe zafi.

Fanka da bel ɗinta ba sa ɗaukar lokaci. Danna bel da babban yatsa a tsakiya, kada ya lotsa fiye da faɗin yatsa guda, kuma sabon bel yakan saki bayan 'yan kwanaki. A tabbata ba a mayar da fanka a juye ba, domin a juye tana jan iska amma ba ƙarfi. Wasu 504 suna da fanka mai maganaɗiso wadda ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi, kuma a jikin famfon ruwa take, in aka canja famfo aka manta wayarta, za ka gan ta tana juyawa amma lilo kawai take yi. Tiyon ƙasa kuwa, sa yaro ya taka totur kana kallo daga nesa kaɗan, in ka ga ya shafe kamar an tsotse shi, to ya yi laushi, yana hana famfo samun ruwa. Shi kansa sabon famfon ba a rantse a kansa, akwai na jabu a kasuwa waɗanda fuka-fukinsu ƙanana ne ko suke sulɓewa a kan sandarsu.

In duk wannan lafiya, a duba tayimin, domin wutar da ke makara tana sa inji zafi da kasala, haka ma kafireton da aka matse wa mai da yawa don tsimi. Ka taɓa ƙafafun motar bayan tafiya, ko akwai birkin da ke riƙewa. Allurar ma kan yi ƙarya in an taɓa wayarta. In ta hau ja amma ruwa bai ragu ba, ba tururi, ba ƙarar tafasa, a gwada wata kafin a kashe kuɗi. Batun lodi kuwa ba sai mun faɗa ba. An soma ƙera 504 a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1975, ka ga ke nan yawancin waɗanda suka rage a hanya sun manyanta, ba a yi musu lodin ƙuruciya.

To yaushe ne maganar bakanikenka za ta zama gaskiya? Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai gaskit mai raba wuta da ruwa da baƙin mai. Kan injin 504 mai fetur na alminiyam ne, gangar kuma baƙin ƙarfe, in zafi ya yi yawa kan yakan ɗan karkace gaskit ya ƙone. Mai yiwuwa ne hakan ta faru tun ranar da ruwa ya tsiyaye, kafin ma a yi gyaran. Alamominsa su ne: kumfa da ba ta ƙarewa a bakin lagireto ko an fitar da iska sau nawa, kuma tana ƙaruwa in an taka totur, tiyon sama ya yi tauri kamar tayar keke tun inji bai ɗumama ba, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri a salansa bayan mota ta riga ta ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko a cire fulogi a ga ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi, sauran na da tokarsu. In ka ga biyu ko uku daga ciki, to ba makawa, a buɗe, kuma kada ka ƙara ɗaukar kaya da ita, don gyaran gaskit ya fi sayen inji sauƙi nesa ba kusa ba.

In ta kai ga buɗewar, ka tsaya a wurin. A kai kan injin wurin masu injin gogewa su auna shi, in ya karkace a daidaita, in ba haka ba sabon gaskit ma zai bi na farko. Kada a juya inji kan yana cire sai an danne hannayen rigar silinda, domin a 504 ba a manne suke da ganga ba, in suka motsa ruwa zai gangara cikin baƙin mai. A ɗaure kusoshin bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Kuma a gyara abin da ya jawo zafin tun farko kafin a rufe.

Daga nan gaba ka ajiye jarka guda ta ruwa mai tsabta a mota, na sama da aka tara ya fi, a haɗa da ruwan kariyar tsatsa da ake sayarwa a shagunan kayan mota. In kuwa ta tafasa maka a hanya, ka tsaya ka kashe, ka ɗaga bonet, kada ka kusanci murfin sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu, don ruwan da ke matse in ya sami ƙofa fuska yake nema. Kada kuma a kwara wa inji ruwan sanyi yana cikin zafinsa, kan na iya tsagewa. In ya huce, ka tayar da shi, ka riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan yana aiki har ya cika.